Sarƙar Da Ake Ta Neman Zobenta

Duk lokacin da aka tayar da zancen juyin halitta a tsakanin 'yan boko a nan Kaduna, ko a ɗakin malamai ne ko a majalisar bayan la'asar, akwai wata magana da ba a rasa mai faɗinta, wato cewa masana kimiyya sun shafe sama da ƙarni guda suna tonon ƙasa amma har yau sun kasa gano mahaɗin da ya ɓace tsakanin biri da mutum. Mai maganar yakan faɗe ta da cikakken yaƙini, kuma galibi babu mai tanka masa, domin su ma waɗanda suke ganin sun yarda da kimiyyar ba su san abin da aka tono ba, balle inda aka tono shi. A shekarun da na yi ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare na lura cewa ɓangarorin biyu hoto ɗaya ne a zukatansu, wato zanen nan da ake gani a littattafai da jikin riguna, inda biri yake tafe a duƙe daga hagu, na gabansa ya ɗan miƙe, na gaban wannan ya ƙara miƙewa, har a kai ga mutum a tsaye riƙe da mashi. Mai musu yana cewa akwai gurbi a jerin, mai goyon baya yana cewa an cike gurbin, alhali kuwa masu aikin tonon da kansu sun daɗe da ajiye jerin gaba ɗaya, saboda ƙasusuwan da suka samu sun ƙi shiga layi ɗaya.

Batun halittar Annabi Adamu, alaihissalam, da yadda malaman addini na Musulunci da na Kirista suke fahimtar nassi, fage ne mai ma'abotansa, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da ke gabana shi ne ƙasusuwan da suka koma dutse, da inda aka samo su, da shekarunsu, da siffarsu, da abin da masu bincike suke cewa a kansu. A ganina duk wanda zai ƙi wani ra'ayi ya kamata ya ƙi shi a yadda masu shi suka faɗe shi a yau, domin ba adalci ba ne a riƙa mayar da martani ga maganar da aka bari tun zamanin kakanni.

Tunanin cewa halittu sarƙa ce mai zobba ya girmi Charles Darwin nesa ba kusa ba. Masu falsafar Girka sun jera abubuwa hawa-hawa, daga duwatsu zuwa tsirrai zuwa dabbobi zuwa mutum, kuma ko Ibn Khaldun a ƙarni na 14 ya yi irin wannan jeri, inda ya ajiye birai a matakin da ke daf da na ɗan Adam. Wanda ya ɗauki duniya a matsayin tsani dole ne ya tambayi matakin da ya ɓalle. Shi kuwa Darwin, a littafinsa na 1859, zane ɗaya tak ya sa, kuma zanen bishiya ce mai rassa, wasu rassan suna ci gaba wasu suna mutuwa a hanya. Abin da ya faɗa game da mutum daga baya, a 1871, shi ne cewa mutum da manyan birai na yau tsatso ɗaya suka haɗa a can baya, kuma ya fi kyautata zaton cewa a Afirka wannan tsatson ya rayu, tun da a nan ne cimfanzi da gorila suke. Bai ce cimfanzin da muke gani a gidan ajiye namun daji shi ne kakan kowa ba. Amma tsohon tunanin tsani ya fi sauƙin zama a kai, shi ya sa har wasu magoya bayansa suka ci gaba da neman halitta guda ɗaya da za ta zama rabi biri rabi mutum. Wani masani Bajamushe, Ernst Haeckel, har suna ya raɗa mata, Pithecanthropus, tun kafin a ga ko da haƙorinta.

Wannan suna ne ya ja wani likita ɗan ƙasar Holan, Eugène Dubois, ya shiga aikin soja ya tafi tsibiran Indonesiya da niyyar nemo ta. A 1891, a Trinil da ke gaɓar kogin Solo a tsibirin Java, ma'aikatansa suka tono saman ƙoƙon kai mai faɗi da gajeren goshi, a shekara ta gaba kuma suka samu ƙashin cinya irin na mai tafiya a tsaye. Dubois ya yi imani cewa ya samu zoben da ake nema. A yau ana lissafa abin da ya samu cikin nau'in da ake kira Homo erectus, wanda an samu ƙasusuwansa da yawa a Afirka da Asiya, kuma an fahimci cewa ɗaya ne daga cikin nau'o'i masu yawa.

Labarin da ya fi nuna illar neman zobe guda shi ne na Piltdown, kuma masu musu suna son ambatonsa, sai dai ba kasafai suke kai shi ƙarshe ba. A 1912 wani lauya mai sha'awar tono kayan tarihi, Charles Dawson, ya gabatar da ɓallin ƙoƙon kai da muƙamuƙi, ya ce daga wani ramin tsakuwa a Piltdown da ke kudancin Ingila ya samo su. Ƙoƙon babba ne irin na mutum, muƙamuƙin kuwa irin na biri. Manyan masanan Ingila suka karɓe shi hannu bibbiyu, saboda ya zo daidai da abin da suke tsammani, wato cewa ƙwaƙwalwa ce ta fara girma kafin sauran jiki ya biyo baya, ga kuma daɗin cewa an samu mutumin farko a ƙasarsu. Sai a 1953 aka tabbatar cewa damfara ce: ƙoƙon na mutum ne na zamanin da bai yi nisa ba, muƙamuƙin na birin orangutan ne, an goge haƙoran da abin guga don su yi kama da na mutum, an kuma rina ƙasusuwan don su nuna tsufa. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne waɗanda suka tona asirin masana ne na wannan fannin, kuma abin da ya sa suka fara shakka shi ne cewa ƙasusuwan gaskiya da aka riƙa samu a Afirka da Asiya duk sun nuna akasin Piltdown, har ya zama shi kaɗai ne ba ya shiga ko'ina.

A cikin waɗannan shekarun damfarar ta danne wata gaskiya. A 1924 ma'aikatan haƙar farar ƙasa a Taung, Afirka ta Kudu, suka fasa dutse, aka samu ƙoƙon kan wani yaro da bai wuce shekara uku ko huɗu ba, aka aika wa Raymond Dart, malamin ilimin sassan jiki a jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg. Ƙwaƙwalwar ƙarama ce kamar ta biri, amma haƙoran fiƙa gajeru ne, sannan akwai wata alama da ta tsayar da hankalin Dart. A ƙarƙashin kowane ƙoƙon kai akwai rami wanda laka take bi ta cikinsa ta haɗu da ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu babbakar kai da ƙafa ya juya kan rago a hannunsa zai ga wannan ramin yana can baya, yana fuskantar inda jikin dabbar yake, domin rago kansa a gaban jikinsa yake rataye. A jikin mutum kuwa ramin yana ƙasa, kusan a tsakiya, saboda kai a bisa ƙashin baya yake zaune. A ƙoƙon yaron Taung ramin ya matso gaba, alamar cewa mai shi da ƙafa biyu yake tafiya. Dart ya wallafa bayaninsa a 1925, ya raɗa wa nau'in suna Australopithecus africanus, amma manyan Ingila suka ce ɗan biri ne kawai. Sai da Robert Broom ya tono manya na wannan nau'in a kogon Sterkfontein, sannan a 1947 Arthur Keith, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi sukar Dart, ya fito fili ya amsa cewa Dart ne mai gaskiya. Wato ƙafa ce ta riga ƙwaƙwalwa, kuma a Afirka abin ya faru.

Masana suna amfani da wata ma'ana ta daban idan suka ce burbushin halitta na tsaka-tsaki ne. Suna nufin halittar da jikinta ya haɗa tsofaffin siffofi da sababbi, kuma aka same ta a shimfiɗar dutsen da shekarunsa suka dace da lokacin da ake tsammanin sauyin ya faru. Ba sharaɗi ba ne ta zama kakar wani mai rai a yau. Tana iya zama 'yar'uwar kakar, wadda zuriyarta ta ƙare, amma jikinta ya adana kamannin danginsu na wancan zamani. Misalin da ya fi burge ni ba na ɗan Adam ba ne. Wani masanin burbushin halittu, Neil Shubin, da abokan aikinsa sun lissafa cewa idan dabbobi masu ƙafa huɗu daga kifaye suka fito, to ya kamata a samu mai siffar tsakani a duwatsun tsofaffin koguna masu shekaru kimanin miliyan 375. Suka duba taswira, suka ga irin waɗannan duwatsu a tsibirin Ellesmere da ke arewacin Kanada, suka yi ta komawa can har a 2004 suka samu Tiktaalik, kifi mai ɓawo da fiffike, amma mai wuya da faffaɗan kai da ƙasusuwan da suka yi kama da na wuyan hannu a cikin fiffikensa. An faɗi inda za a same shi kafin a same shi, kuma wannan ya fi kowace muhawara nauyi a wurina. Mu ma a Najeriya muna da namu rabon: wajen 1920 aka bayyana muƙamuƙin wani tsohon nau'in kifin whale, wato ƙatuwar dabbar nan ta teku, daga kudu maso gabashin ƙasar nan, daga cikin dangin da suka rayu lokacin da waɗannan dabbobi ba su gama rabuwa da ƙafafun baya ba, aka sa masa suna Pappocetus lugardi, da sunan Lugard ɗin nan dai da zauren majalisar dokokin jiharmu yake ɗauke da sunansa.

Idan aka dawo kan mutum da wannan ma'auni, abin da ke hannu yana da yawa. A watan Nuwamba na 1974, a Hadar da ke yankin Afar na Habasha, Donald Johanson ya samu kimanin kashi 40 cikin ɗari na ƙwarangwal ɗin wata mace da ta rayu shekaru miliyan 3.2 da suka wuce, wadda duniya ta sani da Lucy, Habashawa kuma suke kira Dinkinesh. Tsawonta bai wuce mita 1.1 ba. Ƙashin ƙugunta gajere ne mai faɗi kamar na mutum, ƙashin cinyarta kuma ya karkato ciki daga ƙugu zuwa gwiwa. Mai karatu zai iya miƙewa ya duba kansa: ƙugu a buɗe yake amma gwiwoyi suna kusa da juna, kuma wannan karkata ce take sa ƙafa ta sauka a ƙarƙashin nauyin jiki a kowane taku, abin da cimfanzi ba shi da shi, shi ya sa idan ya miƙe yake tafiya yana rangaji. Amma daga ƙugu zuwa sama labarin ya sauya, domin hannayen nau'in Lucy dogaye ne, ƙasusuwan yatsunsu a lanƙwashe kamar na mai hawan bishiya, ƙwaƙwalwarsu kuwa tsakanin mililita 400 zuwa 500 take, wato ba ta wuce cikin ledar fiya wata guda ba, alhali ta mutumin yau tana kai kimanin mililita 1,350. A 1978 tawagar Mary Leakey ta gano a Laetoli, Tanzaniya, sawun ƙafafu da aka taka a kan tokar dutse mai aman wuta bayan yayyafi ya jiƙa ta, tokar ta bushe ta ƙandare, wata ta zubo ta rufe ta. Shekarun sawun kimanin miliyan 3.6 ne, kuma ana ganin dunduniya ta fara sauka, babban yatsa yana jere da sauran, babu sawun hannu ko ɗaya a ƙasa.

Mutane sukan tambayi yadda aka san shekarun, kuma da yawa suna zaton gwajin kabon ake yi. Gwajin kabon ba ya wuce shekaru kimanin 50,000. A gabashin Afirka tokar duwatsu masu aman wuta ake aunawa, domin akwai sinadarin fotasiyam a cikinta wanda yake rikiɗewa zuwa iskar argon a kan ƙa'ida sananniya, don haka ƙashin da aka samu tsakanin shimfiɗar toka biyu shekarunsa suna tsakanin nasu.

Kafin Lucy akwai Ardi, mai shekaru miliyan 4.4, ita ma daga Habasha, wadda babban yatsan ƙafarta yake a ware kamar na mai kama reshe, amma ƙugunta ya fara nuna alamar tafiya a tsaye. Bayan Lucy kuma akwai yaron Turkana, wanda Kamoya Kimeu, ɗan Kenya da ya shahara da kaifin ido wajen hango ƙashi a cikin tsakuwa, ya gano a Nariokotome a 1984. Wannan yaro ya rayu shekaru kimanin miliyan 1.5 da suka wuce, kuma daga wuya zuwa ƙasa da ƙyar a bambanta shi da yaron yau, dogayen ƙafafu da gajerun hannaye, amma goshinsa a kwance yake, ba shi da haɓa irin tamu, ƙwaƙwalwarsa kuma kimanin mililita 880 ce. Wanda ya jera waɗannan a kan tebur zai ga cewa sassan jiki ba tare suka sauya ba: ƙugu da gwiwa sun yi gaba, haƙora sun bi nasu lokacin, ƙwaƙwalwa ta zo a makare.

Wata rana bayan na gama zana waɗannan sunaye a allo, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to a cikinsu wanne ne kakan namu?" Na ce mata, "'Yata, babu masanin da zai dafa ƙashi guda ya rantse cewa daga wannan muka fito." Ta ce, "Ashe ke nan ba su sani ba." Tambayarta ta fi ta manya da yawa kyau, kuma amsar ita ce akwai bambanci tsakanin rashin sanin wane reshe ne ya haifi wane, da rashin sanin cewa akwai rassan. Shekaru kimanin miliyan 2 da suka wuce, a gabashin Afirka kaɗai, nau'o'i da dama sun rayu a lokaci guda, daga ciki akwai Homo habilis, da Homo erectus na farko, da Paranthropus boisei mai manyan turamen haƙora, wanda Mary Leakey ta samu ƙoƙon kansa a kwazazzabon Olduvai a 1959, kuma zuriyarsa ta ƙare ba ta bar kowa ba. Muhawarar da masana suke yi a yau a kan yadda za a haɗa waɗannan rassa take, kuma muhawara ce mai zafi, wani lokaci har da son kai, domin kowane mai tono yana so a ce abin da ya samo shi ne a kan babban reshe.

Abubuwan da aka samu a wannan ƙarni sun ƙara dagula jerin. A 2003, a kogon Liang Bua da ke tsibirin Flores na Indonesiya, aka tono wani nau'i mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai da ƙwaƙwalwar da ba ta wuce ta Lucy ba, amma ya rayu a zamanin da mutane irinmu suka riga suka wanzu. A 2013, a can cikin kogon Rising Star na Afirka ta Kudu, aka samu ƙasusuwa sama da 1,500 na aƙalla mutum 15 daga nau'in da aka raɗa wa Homo naledi, masu ƙananan kawuna da kafaɗun mahaya bishiya amma da tafin ƙafa kusan irin namu. Da ganin siffarsu an yi zaton za su kai shekaru miliyan 2, sai gwaji ya nuna tsakanin 335,000 ne zuwa 236,000, wato zamani ɗaya da mutanen Jebel Irhoud na Maroko, waɗanda ake lissafawa cikin mafi tsufan Homo sapiens, masu shekaru kimanin 300,000. Sannan binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa rassan ma sukan sake haɗuwa bayan sun rabu. A 2010 tawagar Svante Pääbo ta karanta ƙwayoyin gadon mutanen Neanderthal, wasu tsofaffin mutane da suka rayu a Turai da Asiya kafin su ƙare, aka ga cewa mutanen yau waɗanda ba 'yan asalin Afirka ba suna ɗauke da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari daga gare su, kuma a wannan shekarar aka gano wasu mutanen na daban daga ɗan guntun ƙashin yatsa a kogon Denisova na Saberiya, waɗanda gadonsu ya fi yawa a jikin mutanen Papua New Guinea. A kan wannan aiki aka ba Pääbo lambar yabo ta Nobel a 2022.

Duk da haka kalmar mahaɗin da ya ɓace ta ƙi mutuwa, kuma laifin ba na masu musu kaɗai ba ne. 'Yan jarida suna son ta saboda tana sayar da labari, wasu masanan kuma ba sa ƙin tallar. A 2009 aka yi gagarumin biki a kan wata 'yar dabba mai shekaru miliyan 47 daga Jamus, aka sa mata suna Ida, aka yi ta shelar cewa an gano mahaɗin, amma ba a jima ba wasu masu bincike suka nuna cewa ta fi kusa da dangin dabbobin lemur, wasu masu kama da birai da ake samu a tsibirin Madagaska, fiye da reshen birai da mutane. Irin wannan zuzutawa ce take sa mai sauraro ya ce kowace shekara sai an ce an samu, kenan ba a taɓa samu ba. Ga kuma wata matsala da ke cikin tambayar kanta, domin idan aka samu abin da ya zauna tsakanin halitta biyu, wanda ya ƙudurta musu zai ce yanzu gurbi biyu ne, ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa, kuma babu adadin ƙasusuwan da zai ƙosar da shi.

Gurabe na gaskiya suna nan, sai dai ba inda ake nuna su suke ba. Kafin ƙashi ya koma dutse sai an binne shi da wuri a cikin laka ko yashi ko toka, kafin kuraye da rana da ruwa su gama da shi, sannan ƙasar ta zama marar tsami, sannan bayan dubban ƙarnoni zaizaya ta fito da shi a daidai lokacin da mai ido yake wucewa. Dazuzzuka masu yawan ruwa ba sa adana ƙashi, shi ya sa sai a 2005 aka fara bayyana burbushin cimfanzi, kuma 'yan haƙora ne kawai daga Kenya. Ke nan ɓangaren birai na bishiyar ya fi ɓangarenmu duhu sosai. Mu a Kaduna muna da shaidar wannan a ƙofar gida. Al'adar Nok, wadda aka fara cin karo da mutum-mutuminta na yumɓu a 1928 wajen haƙar kuza a yankin da yake ƙaramar hukumar Jaba a yau, ta wanzu ne daga shekaru kimanin 3,500 zuwa 2,000 da suka wuce, wato jiya-jiya idan aka kwatanta da Lucy. Masu bincike daga jami'ar Goethe ta Frankfurt tare da takwarorinsu na Najeriya sun yi shekaru suna tono a wuraren Nok tun daga 2005, sun samu yumɓu da kasake da duwatsun niƙa da ƙonannen gero, amma ƙasusuwan mutanen kusan babu, saboda tsamin ƙasarmu ya cinye su. Wanda ya shiga gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu zai ga fuskokin da mutanen Nok suka ƙera, da kitsonsu da idanunsu masu huji, amma ba zai ga ƙoƙon kan maƙerin ba. Idan ƙasa ta kasa riƙe ƙashi na shekara 3,000, ba abin mamaki ba ne a rasa na shekara miliyan 3 a cikinta.

Wannan ne ya sa taswirar asalin ɗan Adam ta karkata gabas da kudu, inda ake da busassun kwazazzabai da tokar duwatsu da kogwannin farar ƙasa, har aka daɗe ana zaton a gabashin Afirka kaɗai abin ya faru. Maƙwabciyarmu Chadi ce ta girgiza wannan zato. A 1995 tawagar Michel Brunet ta samu muƙamuƙin wani dangin Lucy a Koro Toro, sannan a watan Yuli na 2001, a hamadar Djurab, wani ɗan Chadi a cikin tawagar, Ahounta Djimdoumalbaye, ya hango ƙoƙon kan da aka sa wa suna Toumaï, mai shekaru kimanin miliyan 7, nisan kusan kilomita 2,500 yamma da kwazazzaban gabashin Afirka. Ƙwaƙwalwarsa ba ta fi ta cimfanzi ba, amma fiƙoƙinsa ƙanana ne, ramin lakarsa kuma ya matso gaba, kuma ya rayu ne a gefen tafki, domin an samu ƙasusuwan kifaye da kadoji da dorinai a tare da shi. Har yanzu ana jayayya a kan ko da ƙafa biyu yake tafiya, amma shekarunsa sun faɗa daf da lokacin da ƙwayoyin gado suke nuna cewa reshenmu ya rabu da na cimfanzi. Abin takaici ne cewa sunayen irin su Djimdoumalbaye da Kimeu, waɗanda idanunsu suka fara ganin ƙasusuwan, ba kasafai suke shiga littattafan makarantunmu ba.

A Najeriya kuwa abin da muke da shi guda ɗaya ne mai nauyi. A 1965 Thurstan Shaw na jami'ar Ibadan ya tono ƙwarangwal a ƙarƙashin wata inuwar dutse da ake kira Iwo Eleru, kusa da Akure a jihar Ondo ta yau. Da aka sake nazarinsa a 2011, aka ƙiyasta shekarunsa kimanin 13,000, amma ƙoƙon kan dogo ne mai kwantaccen goshi da tudun gira, ya fi kama da na mutanen da suka girme shi da shekaru dubu ɗari ko fiye. A 2020 kuma wasu masu bincike biyu a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka duba ƙwayoyin gadon Yarabawa da mutanen Mende na Saliyo, suka ce tsakanin kashi 2 zuwa 19 cikin ɗari na gadonsu ya fito ne daga wasu tsofaffin mutane da ba a taɓa samun ƙashinsu ba. Wasu masanan suna ganin ana iya fassara wannan alama ta wata hanya, kamar daɗaɗɗiyar cuɗanya tsakanin al'ummomin Afirka da suka riƙa rabuwa suna haɗuwa, kuma ƙoƙon kai guda ba zai raba gardamar ba. Ga ɗaliban ilimin tonon kayan tarihi a Zariya da Jos da Ibadan, wuraren da nake ganin sun fi cancantar a duba su ne kogwanni da inuwar duwatsu, inda ruwan sama ba ya dukan ƙasa kai tsaye, da kuma tsofaffin gaɓoɓin Tafkin Chadi a Borno da Yobe, waɗanda suke cikin kwari ɗaya da inda aka samu Toumaï, sai dai aikin kogo yana buƙatar kuɗin da jami'o'inmu ba kasafai suke samu ba, na gaɓar tafki kuma sai tsaro ya inganta kafin a iya kafa tanti a yi watanni ana tankaɗe yashi.